Ruwan da Ya Kwana a Baranda

Litinin, 14 ga Yuli, ƙarfe bakwai na safe

Azumin Litinin ta farko a watan Sawan, watan ibadarmu na Hindu a cikin damina. Na yi wanka, na kunna fitila a kusurwar ibada, na dafa wa Devesh shayi. Ɗana ne, shekararsa talatin da huɗu, amma kwanakin nan a tsaye yake shan shayina kamar baƙon da mota ke jira.

Yau kwana huɗu da tafiyar matarsa Richa gidan iyayenta a garin Katni. Da jaka ɗaya ta tafi. Ta bar takalminta na damina, ta bar magungunanta a kan firiji, ta bar mini kunkurunta.

Kunkurun ruwa ne, sunansa Batasha, girmansa bai wuce tafin hannuna ba. Da shi ta shigo gidan nan ranar da aka kawo ta, shekara uku da suka wuce. Amaren mutane da tukwane suke zuwa, tawa da kunkuru a akwatin gilashi. Ban taɓa kula shi ba. Yanzu kuwa daga ni sai shi a gidan tun safe har yamma, duk inda na gifta yana bina da ido, da ɗan jan zanen nan nasa a gefen kai.

Na canza masa ruwa. Sabo, daga famfo.

Talata, 15 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

Talata. Mako guda ke nan. Ba zan rubuta komai a kai ba.

Na rabu da bokitan Richa biyu na baranda. Shuɗaye, kullum a cike, kullum a buɗe. Sai ruwa ya kwana ɗaya, ya kwana biyu, sannan ta ɗauko ta zuba wa kunkurun. Shekara uku ina magana a kansu. A gidan mahaifina ruwan da ya kwana ba a ba baƙo, ba a kai shi kusurwar ibada, iyakarsa wanke tsakar gida. Balle a ba kunkuru, halittar da Ubangiji Vishnu da kansa ya taɓa shiga siffarta. Duk sa'ad da na faɗa sai ta kira ni mama da ladabi, ta ce, “Maaji, haka yake so.” Wai haka yake so. Sai ka ce ya taɓa buɗe baki ya gaya mata.

Da ƙafa na ture su, ruwan ya bi rariya. Ban so in taɓa su suna cike ba. Da suka bushe na cusa su can ƙarƙashin gadon ɗakin ajiya.

Na canza masa ruwa da tulun tagulla da nake ɗiban ruwan ibada. Sawu tara na yi tsakanin famfo da akwatin. Gwiwoyina sun faɗa mini.

Alhamis, 17 ga Yuli, ƙarfe sha ɗaya na safe

Ruwan sama tun jiya, bai ɗauke ba. Mai kula da benenmu ya manna takarda a matakala, wai saboda damina ya ƙara farar hodar nan a tankin sama. Ai ba sai ya rubuta ba, da ka buɗe famfo warin bilic zai tarbe ka. Ni dai ina son warin. Ko ba komai na san akwai abu ɗaya mai tsabta a gidan nan.

Kanta ta hawo. Maƙwabciyata ce ta ƙasa, shekara ashirin muna tare, kuma ba ta taɓa hawa matakalar nan don gaisuwa kawai ba. Didi take kirana, wato yaya.

“Didi, ina Bahu, surukar taki? Kwana biyu ban ji awarwaronta a matakala ba.”

“Sawan ne ai. Wace amarya ce ba ta zuwa gidansu a Sawan?”

“Amaryar shekara uku?”

Sai idonta ya faɗa kan kwandon saƙata, ulu rawaya da kibiyoyi a soke, 'yar safa ɗaya an gama, ɗayar rabi. Na ja mayafi na rufe.

“Yara ne, Didi,” in ji ta. “Ubangiji zai ba su wani.”

Na ce mata shayinta zai huce.

Asabar, 19 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Devesh ya ci roti biyu, gurasarmu ta alkama, ya tashi. Na canza wa Batasha ruwa.

Litinin, 21 ga Yuli, ƙarfe takwas na safe

Azumi. Kaina yana sarawa.

Batasha yana ta murza ido da ƙafafunsa na gaba, ya murza wannan ya murza wancan. Na sa tabarau na duba. Fatar idon ta ɗan tasa, ta yi ja.

Ƙazanta ce, ba wani abu ba. Na ciro 'yar na'urar nan da ke gurnani a cikin ruwan dare da rana, na buɗe ta. Soso ne a ciki, ya yi kore, ya yi yauƙi. Tir! A cikin wannan yake numfashi shekara uku? Na cire ta gaba ɗaya na ajiye. Na kwashe duwatsun na wanke da sabulu ɗaya bayan ɗaya, na goge gilashin har yana ƙara. Daga yau sau biyu zan riƙa canza masa ruwa, safe da yamma, kamar yadda nake wa kusurwar ibada.

Idan ta dawo za ta ga yadda ake riƙon abu mai rai.

Idan ta dawo.

Laraba, 23 ga Yuli, ƙarfe uku na rana

Idon dama ya rufe. Na hagu saura kaɗan. Na zuba masa 'yan ƙwayoyin abincinsa, suka yi ta yawo a saman ruwa har suka jiƙe suka nutse.

Kanta ta zo ta leƙa, ta riƙe baki.

“Kai, wannan ai kambun baka ne, Didi. Ki ɗiga masa ruwan wardi. Ko kwalli. Jikana da kwalli ya warke.”

“Jikanki kunkuru ne?”

“Wajen tashi makaranta, ƙwarai kuwa.”

Na yi dariya, ban san sa'ad da ta fito ba. Rabona da dariya tun kafin Talatar nan. Kwalli dai ban yarda ba, amma na ɗiga masa ruwan wardi, na kuma barbaɗa ɗan kurkum a ruwan. Ya ja kai ciki ya ƙi fitowa.

Alhamis, 24 ga Yuli, ƙarfe bakwai da rabi na yamma

Devesh ya tsaya gaban akwatin da jakarsa ta ofis a kafaɗa, ya daɗe.

“Maa, me ya same shi?”

“Damina ce.”

“Damina uku ya yi a gidan nan bai taɓa haka ba. Ki kira ta ki tambaye ta.”

“Kai ba mijinta ba ne? Ka kira.”

“Kullum muna magana. Daga ofis.” Ya sauke jakar. “Jiya ma ta tambaye ni shi. Na ce lafiyarsa ƙalau. Kin sa na koma yi mata ƙarya, Maa.”

“Ni na sa ka?”

“A gabanki likitar asibiti ta faɗa. Ta ce ba aiki ba ne, ba ɗaukar kaya ba ne, ba laifin kowa ba ne. Kina tsaye kina ji. Amma kika bari muka iso bakin ƙofar nan, ko takalmi ba ta cire ba...”

Na ce abinci yana kan wuta. Babu komai a kan wuta.

Roti ɗaya ya ci.

Juma'a, 25 ga Yuli, ƙarfe shida na safe

Na gaji. Tun kafin in tashi daga shimfiɗa na gaji.

Na canza masa ruwa.

Lahadi, 27 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Idanun duka biyu sun rufe, sun kumbura kamar ƙwayar wake da ta kwana a ruwa. Kwana biyar bai ci komai ba. Ba ya iyo. Sai ya tafi ya bugi gilashi, ya juya, ya sake buga. Ɗazu na sa yatsa a gabansa, da can da ya kawo cizo, yau bai ma san da ni ba.

Tsoro nake ji. Na rubuta, tsoro nake ji. Abu ɗaya ta bari a hannuna. Idan ya mutu, da wace fuska zan dube ta? Abin da ta zo da shi daga gidansu ke nan, tun tana makaranta take renonsa. A watan nan ba ta da sauran wurin ajiye wani rashin.

Na zauna gaban akwatin na ce, “Haba Batasha, me na rage ka da shi? Ko marigayi baban Devesh ban yi masa wannan hidimar ba.” Tsohuwa mai shekara sittin da ɗaya tana roƙon kunkuru. Gara da Kanta ba ta shigo ba.

Litinin, 28 ga Yuli, ƙarfe biyu na rana

Na kai shi wurin likitar dabbobi. A kwanon abinci mai murfi na sa shi, bisa jiƙaƙƙen tsumma, na hau babur mai ƙafa uku ina rungume da shi. Mai babur ya ce, “Maaji, abincin wa za a kai?” Na ce ya dubi hanya.

Na zauna tsakanin karnuka biyu da wani mutum mai aku. Likitar, sunanta Chaurasiya, ba za ta girmi Richa ba. Ta ɗaga shi, ta juya shi, ta haska idon, ta kara kunne kusa da hancinsa.

“Anti, sau nawa kike canza masa ruwa?”

“Sau biyu a rana.” Da alfahari na faɗa.

“Duka ruwan?”

“Duka. Har duwatsun nake wankewa da sabulu.”

“Daga famfo kai tsaye?”

“Yana saukowa daga tanki. Ni ba na ba abu mai rai ruwan da ya kwana.”

Ta ajiye abin rubutunta, ta dube ni.

“Anti, ba ƙazanta ce ta kama shi ba. Tsabtarki ce ta yi masa yawa.”

Ta yi mini bayani a hankali, yadda ake wa mai ciwon kunne. Hodar da ake zubawa a tanki tana kashe cuta, mu ba ta dame mu ba, amma shi a cikin ruwan yake buɗe ido wuni guda, tana ƙona shi kamar yadda sabulu ke yi wa idon mutum. Da ido ya yi rauni sai ciwo ya samu ƙofa. Koren soson da na cire, shi ne mai gyara masa ruwa. Sabulu da kurkum da ruwan wardi kuwa, ta ce in yi wa Ubangiji in bari.

“To wane ruwa zan ba shi?”

“Ki tara a bokiti, ki bar shi a buɗe ya kwana ɗaya, in da hali biyu. Ƙarfin hodar zai fita da kansa. Bokiti biyu ya fi, ana amfani da ɗaya, ɗayan yana hutawa. Kuma kashi ɗaya cikin uku za ki riƙa canzawa, ba duka ba.”

Bokiti biyu. Suna can ƙarƙashin gadon ɗakin ajiya.

Ta ba ni maganin ɗigawa, ta ce kullum ya samu rana a kan busasshen dutse. Ta ce in bai fara cin abinci ba nan da mako guda, ko in na ga kumfa a hancinsa, in dawo da gudu, ciwon ya sauka ƙirji ke nan. Ina rufe kwanon ta shafa bayansa ta ce, “Ƙoƙon nan lafiyayye ne, babu laushi ko kaɗan. Wa yake kula da shi da can?”

“Matar ɗana.”

“To ai kina da likita a gida, Anti. Ta fi ni saninsa.”

Ban san yadda na iso gida ba. Azumin yau da ruwa kawai na buɗe baki.

Talata, 29 ga Yuli, ƙarfe tara na safe

Talata. Mako uku.

Na tuna yanzu. A shekarar farko ta taɓa fara yi mini bayani a kicin, wani abu game da hodar tanki. Ina yanka albasa. Na ce mata ni na reni ɗa har ya girma ya auro ta, ba za a koya mini ruwa ba. Ba ta sake ɗauko zancen ba. Daga nan ne ta koma “haka yake so”.

Na durƙusa na jawo bokitan daga ƙarƙashin gado. Na ɗauraye su, ba sabulu. Na tara na farko a famfon banɗaki har ya kai zanen da ta yi da jan fenti na farce a ciki, iyakar inda take cikawa. Na tattara zanina, na gyara tsayuwa, na sa hannu biyu, na cije, na shirya wa nauyi.

Sai ya taso.

Da hannu ɗaya na kai shi baranda. Ni, da gwiwoyin nan, da bayan nan da ke hana ni ɗaura takalmi. Bai kai buhun garin alkama da nake saukewa daga kantar kicin duk mako ba. Shekara uku ina kallon bokitan nan, ban taɓa ɗaga ɗaya ba.

Zan rubuta, tunda littafina ne. Ranar da muka dawo daga asibiti, tana jingine da Devesh, tana ƙoƙarin cire takalmi. Cikin wata biyar ne ya zube. Na ce mata, “Sau nawa na ce ki bar ɗaukar bokitan nan? To ga shi, kin zaɓi kunkuru.”

Abin da na ce ke nan. Ta cire takalmin ta jera su a gefe yadda nake so, ta shiga ɗaki.

Na zauna a ƙasan baranda kusa da bokitin na yi kuka har ruwan sama ya fara jiƙa mini ƙafa. Sannan na tashi na cika na biyu.

Laraba, 30 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Na mayar da na'urar da sabon soso. Tana gurnani. Na ɗiga magani. Rana ta fito na rabin sa'a, na kai shi.

Kanta ta ga bokitan daga tsakar gida, ta ɗaga murya, “Didi! Ke ce da ruwan kwana a baranda? Gobe kuma sai mu ji kin fara cin ƙwai, ke da addini ya hana ki ko taɓa shi.”

Na ce ta hawo ta riƙe mini kansa in ɗiga magani, in bakinta ya gama aiki.

Bai ci ba.

Alhamis, 31 ga Yuli, ƙarfe goma na safe

Sau uku na ɗauki waya na ajiye. Bai ci ba.

Juma'a, 1 ga Agusta, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na kira. Babarta ce ta ɗauka, muryarta a bushe. Ta ce Richa tana kwance. Na ce zan jira. Na ji takun ƙafa, na ji an rufe ƙofa.

“Na gaishe ki, Maaji.”

Na shirya magana tun jiya, mai kai da gindi. Duk ta gudu.

“Bahu, Batasha ba shi da lafiya. Idanunsa sun rufe. Ni na jawo. Na zubar da ruwanki, na riƙa ba shi na famfo.”

“Tun yaushe?” Muryar ta canza nan take. “Yana ci? Akwai kumfa a hancinsa? Yana karkata gefe ɗaya in yana iyo?”

Na amsa ɗaya bayan ɗaya kamar 'yar makaranta. Ta ce likitar ta yi daidai. Ta ce in kankare karas siriri in riƙe masa dab da hanci, da ƙamshi yake gane abinci in bai gani. Ta ce kada in rufe bokitan, ko da faranti.

Ina jin hankaka yana kuka a can gidansu.

“Bahu.”

“Na'am, Maaji.”

“Na ɗauki bokitin.” Na gyara riƙon wayar. “Ba shi da nauyi. Da hannu ɗaya na ɗauke shi.”

Har na ɗauka wayar ta yanke.

“Na sani, Maaji,” in ji ta. “Amma tun ranar kullum sai na sake auna shi a raina.”

Na ce ta yafe mini. Sau biyu na faɗa, don na farkon bai fito da kyau ba. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Kuka take yi, ni ma haka. Daga baya ta ce, “Ki sa shi a rana kafin hadari ya haɗo.”

Na sa shi.

Asabar, 2 ga Agusta, ƙarfe takwas na safe

Ya shinshina karas ɗin ya kau da kai. Na canza kashi ɗaya cikin uku, da ruwan da ya kwana biyu.

Litinin, 4 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma

Litinin ta ƙarshe a Sawan. Ina riƙe da karas a gaban hancinsa hannuna har ya sage, sai na ji an fizge. Ya ci. Siriri uku ya ci. Da na sunkuya, idon hagu ya buɗe kaɗan, ɗan tsaga kawai, yana kallona da shi kamar mai bina bashin bayani. Na dama yana rufe har yanzu.

Da Devesh ya dawo na sa ya ɗauki hoto ya tura mata. Yana zaune yana shan shayi amsar ta shigo. A zaune. Ya karanta, ya miƙo mini wayar, na ce ya karanta mini, tabarauna yana ɗaki.

“Ta ce za ta zo ranar Lahadi da jirgin ƙasa na safe, ta duba ɗaya idon.”

“Za ta kwana?”

“Ba ta faɗa ba, Maa. Batasha ta ce za ta zo gani.”

Na ce to.

Na ɗauke kwandon saƙar daga falo, na sa a ƙasan akwatina. Ban warware safar ba, ban kuma ƙarasa ta ba. Na ce wa Devesh ranar Asabar ya biya kasuwa ya samo kuɓewa 'yan ƙanana, ita ce mai son su soyayyu.

Sannan na fita baranda na cika bokitin da ya ragu, daidai jan zanenta, na bar shi a buɗe.